Furojet ɗin da wani ba zai iya sabuntawa ba, ba a gama shi ba

'Yan uwana ɗalibai, maza da mata, musamman 'yan injiniya da 'yan kwamfuta, mu da ke nan Legas da ku da ke Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri. Rubutun yana da ɗan tsawo. Ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mani hukunci.

Lokacin furojet ya sake zagayowa. 'Yan ajin ƙarshe kowa na zarya ofishin sufabaiza, kuma burin kowa ɗaya ne: ranar difens na'ura ta tashi, fitila ta ƙyafta, malamai su gyaɗa kai, a ɗauki hoto a sa a sitatus. Ni kuma abin da ya dame ni shi ne halin da na'urar ke shiga bayan an ɗauki hoton. Ra'ayina a taƙaice: duk na'urar da ka haɗa, in har wani ɗalibi ba zai iya ɗaukarta bayan tafiyarka ya sabunta manhajarta ba, in abu ya ɓaci kuma ya mayar da ita yadda take, to ba ka gama aiki ba, ko da an ba ka A. Kuma wannan sakacin da muke sabawa da shi a makaranta, shi muke fita da shi mu je mu cuci bayin Allah.

Kada wani ya ce ina zuzuta abu. Ku tuna jarrabawar JAMB ta 2025. Sakamako ya fito ranar 9 ga Mayu, sama da mutum miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Yara suka yi ta rantsuwa cewa wannan ba makinsu ba ne, manya suka yi ta cewa 'yan zamani ba sa karatu, TikTok ya gama da su. Ranar 14 ga Mayu sai ga shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, a gaban 'yan jarida yana hawaye yana ba da haƙuri. Ɗalibai 379,997 abin ya shafa, a cibiyoyi 157. Cibiyoyi 65 daga ciki a nan Legas suke, da ɗalibai 206,610, sauran 92 kuma a jihohin kudu maso gabas. Ga kuma dalilin da hukumar ta bayar da bakinta: an gano matsala ana tsakiyar jarrabawa, an yi gyara a manhaja, amma ma'aikatan kamfanin da aka ba aikin ba su sa gyaran a kan wasu daga cikin sabobin ba, wato manyan kwamfutocin da ke raba tambayoyi suna karɓar amsa. Iyakar abin ke nan. Wasu sun karɓi sabuwar manhaja, wasu sun zauna da tsohuwa, kuma ba wanda ya bi ya ƙirga.

Dole aka sake kiran yaran su rubuta daga 16 ga Mayu, wasunsu suna tsakiyar WAEC. Duk wanda ke zaune a Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba ya san abin da ake nufi da a sake tura yaro cibiyar jarrabawa: tashin asuba, kuɗin mota, cunkoso, ga uban da ya tara kuɗin fom da na lesin daga cinikin goro ko tuƙin Keke. Kuma ba mu kaɗai irin wannan ke samu ba. Ranar 1 ga Agusta 2012, wani kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka mai suna Knight Capital ya sa sabuwar manhaja a sabobinsa bakwai, aka manta ta takwas. Cikin kusan minti 45 ya yi asarar sama da dala miliyan 400.

To me ya haɗa wannan da furojet ɗinmu? Bari in ɗauki allon FPGA a matsayin misali, domin a kansa duk matsalar ke taruwa wuri ɗaya, a abin da bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba.

Ga wanda ba fanninsa ba ne: kun san baƙaƙen ƙananan abubuwan nan da ke manne a cikin waya, waɗanda masu gyara ke kira IC. IC na yau da kullum tun daga masana'anta aka gama ɗaura masa wayoyinsa na ciki, abin da aka ƙera shi ya yi, shi zai yi har ya mutu. FPGA kuwa kamar fili ne da aka yanka fuloti-fuloti ba a yi gini ba. Dubban ƙananan akwatunan lissafi ne da hanyoyi a tsakaninsu, kai ne za ka ce wannan ya haɗu da wancan. Za ka rubuta tsarin da yaren Verilog ko VHDL, manhaja irin Vivado ko Quartus ta mayar da shi fayil ɗaya da ake kira bitsirim. Ni taswira nake ce masa. Kamfanin Xilinx ne ya fara sayar da irinsa a 1985, mai akwatuna 64 kacal. Yau darajarsa ta kai Intel ya sayi Altera a 2015, AMD kuma ya sayi Xilinx a 2022. Za ku same shi a cikin da yawa daga na'urorin da ke gindin eriyar kamfanonin waya, da na'urar sikanin a asibiti, da manyan allunan talla masu haske da ke kan titunan Ikeja.

Mafi yawan FPGA mantuwa gare su. Da an ɗauke wuta taswira ta goge, don haka duk tashi sai an sake loda ta daga memori. A alluna irin ZedBoard da PYNQ, masu IC ɗin Zynq, an haɗa FPGA da ƙaramar kwamfuta a jiki ɗaya. Ke nan gida ɗaya ne, mazauna uku. Akwai taswira. Akwai manhajar gindi, wadda masu sana'a ke kira famwaya, ita ke tada allo ta loda taswira ta kuma tada Linux. Sai kuma manhajar saba, wadda ke zaune a kan allon tana sauraron umarni daga laftof ɗinka ta kebul ɗin intanet, ta isar da shi ga FPGA, ta dawo maka da amsa. Su ukun nan dole bakinsu ya zo ɗaya.

Saba tana magana da FPGA ne ta hanyar adireshi. A ce a tsohuwar taswira adireshi kaza shi ne maɓallin "fara auna". A sabuwar taswira an matsar da maɓallin wani wuri. Ka sabunta taswira ka bar tsohuwar saba, ita kuwa za ta ci gaba da kai saƙo tsohon gida. Abu biyu ke iya faruwa. Ko dai allo ya daskare, wannan da sauƙi, domin ka san akwai matsala. Ko kuma ya ci gaba da aiki lafiya lau yana ba ka lambobin ƙarya. Na biyun shi ne abin tsoro, kuma irinsa ne ya samu yaran JAMB: sun amsa tambayoyi, sun tura, sun koma gida, ba wata jar fitila da ta kama.

Iyayenmu 'yan kasuwa sun san wannan tun kafin a yi kwamfuta. Wanda ya loda tirelar shanu a Potiskum ko Maigatari zuwa Abbatuwar Oko-Oba, kafin mota ta tashi sai ya kira dillalinsa na Agege: kai nawa ne, na wane da wane, wace alama ce a jikin na kowa. In aka sauya kaya a hanya ba a sanar da mai karɓa ba, mota za ta iso lafiya, shanu za su sauka lafiya, amma rigimar da za ta biyo baya sai an kai gaban Sarkin Hausawa. Mai aikawa da mai karɓa dole su riƙe lissafi ɗaya. Sabunta manhaja ma haka yake.

Ga wani misalin da ya shiga har cikin ɗakunanmu: mitar kati. Kowace lambar wuta da ka saya, mai lamba 20 ɗin nan, a cikinta an ɓoye lokacin da aka sayar da ita, don kada a loda ta sau biyu. Da mintuna ake ƙirga lokacin, tun daga 1 ga Janairu 1993, kuma gurbin da aka ware wa ƙidayar ba ya ɗaukar fiye da minti 16,777,216. Ku buga a kalkuleta, kusan shekara 32 ke nan. Gurbin ya cika ranar 24 ga Nuwamba 2024. Shi ya sa Ikeja Electric da sauran kamfanonin raba wuta suka yi ta sanarwa cewa kowa ya shigar da wasu lambobi guda biyu na canjin makulli, ta ɗaya kafin ta biyu, kuma wanda ke da tsohuwar lambar da bai loda ba ya loda ta tukuna. Manufar ita ce mitar da ke bangon gidanka da sabar kamfani su koma ƙidaya daga rana ɗaya. A gidajen haya na Agege, inda ɗakuna da yawa ke kan mita ɗaya, wa ake nema in irin wannan ta taso? "Ku kira ɗan jami'a." Mu ake kallo a matsayin waɗanda suka san kan abin.

Yanzu mu duba yadda ake shirya mu a makaranta, kuma ba wata makaranta ɗaya nake nufi ba, kowa ya duba tasu. Allon FPGA, in ma akwai shi, yana cikin kabad a kulle. Ana fito da shi ranar firaktikal, ɗalibai su yi masa zobe, mutum ɗaya ya loda abin da aka riga aka tanada, fitila ta ƙyafta, kowa ya kwafi sakamako a littafi, a mayar a kulle. Ka tambaya wace siga ce a kansa, ba wanda zai gaya maka. Ka ce za ka sabunta, a ce kul. A gefe guda kuma ga maƙabartar furojet: na'urorin ɗaliban shekarun baya jibge a saman kanta sun yi ƙura. Ranar difens duk sun yi aiki. Yau ba wanda zai iya tada su, domin fayilolin suna cikin laftof ɗin mai su, mai su ya tafi bautar ƙasa, laftof ɗin kuma an sayar. Littafin furojet shafi 80 ne, an cika shi da tarihin lantarki da godiya ga iyaye da abokai, amma babu shafi ɗaya da ya ce: ga yadda za ka sake loda na'urar nan daga farko. Ɗalibin bana ya zo ya sake ƙera abin da na bara ya ƙera. Shekara da shekaru muna tafiya, muna wuri ɗaya.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma ba duka ne ba su da hujja ba.

Wani zai ce: abu in yana aiki, kar ka taɓa. Akwai gaskiya a nan. Wanda ya tashi sabunta allonsa daren difens, shi ya jawo wa kansa, ba a fafe gora ranar tafiya. Amma mitar kati ta nuna mana cewa ko ba ka taɓa ba, lokaci zai taɓa maka. Ita ma Vivado ɗin da muke taƙama da ita, ranar 1 ga Janairu 2022 wani sashe nata ya ƙi fitar da aiki a duk duniya, saboda lambar kwanan wata ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata, sai da Xilinx ya fitar da gyara. Duk sabar da ke haɗe da intanet kuma kullum ana gano mata ƙofofin da ɓarayi ke bi, ba a kuma toshe su sai da sabuntawa. Ranar da dole ta zo, wa ya fi: wanda ya saba yi sau ashirin a lab, ko wanda yau ne farkonsa, a kan na'urar asibiti?

Wani zai ce: ka tausaya wa mai kula da lab, da dala aka sayi allon, shi ya sa hannu ya karɓa, in ya lalace shi za a tuhuma. Wallahi na fahimci tsoronsa, kuma ba na ganin laifinsa shi kaɗai. Sai dai sabuntawar da ta ɓaci ba kasafai take kashe allo ba. Abin da ke ƙona allo shi ne ba shi wutar da ta fi ƙarfinsa ko haɗa waya ba daidai ba. Allon da ke tashi daga katin memori, in manhaja ta rikice, cire kati za ka yi ka sa wani. Wanda ke tashi daga memorin jikinsa kuma akwai ƙofar baya da ake kira JTAG, ta nan ake sake loda shi. Kulle allo kuma ba ya hana shi mutuwa, a tsaye yake mutuwa. Tsofaffin alluna masu Spartan-3 da Spartan-6 da manhajar ISE suke aiki, ita kuwa sigarta ta ƙarshe tun 2013 ta fito. Allon da aka yi ta tattali shekara goma ba a bar kowa ya koya da shi ba, yanzu ko an buɗe kabad ɗin sai an sha wahala kafin a samu kwamfutar da za ta yi magana da shi.

Wani kuma zai ce: ina data, ina wuta? Gaskiya ne, Vivado kaɗai ta fi giga 20. Amma mutum ɗaya ne ke buƙatar sauke ta, saura su kwafa. Yadda muke raba finafinai masu dogon zango a hostel, haka za mu raba wannan.

Akwai kuma mai cewa: ni da na gama gida zan koma, kasuwa zan shiga ko aikin gwamnati, ina ni ina FPGA? Ɗan uwa, inbatar sola, POS, na'urar gwajin jini, kyamarar tsaro, mitar ruwa, duk ƙananan kwamfutoci ne masu manhajar gindi, da yawansu kuma da saba suke magana. Sau nawa muka ji an ce na'ura kaza ta tsaya a asibitin garinmu, ana jiran injiniya daga Legas? To ga mu a Legas ɗin. In muka koma ba mu iya ba, wa za a jira kuma?

Abin da ke ba ni kunya shi ne, yaran shagon gyaran waya sun fi mu ladabin wannan aiki. Daga tashar jirgin ƙasa ta Agege zuwa Ikeja tasha ɗaya ce a Red Line, ku sauka ku shiga Computer Village ku tsaya kusa da mai filashin ɗin waya na awa ɗaya. Kafin ya taɓa komai sai ya duba ainihin lambar samfurin wayar, domin waya biyu na iya zama suna ɗaya, cikinsu daban. Sai ya duba caji. Sai ya tambaye ka ko ka kwashe hotunanka da lambobinka. Fayil ɗin da zai sa kuma yana da shi a ajiye, ya san wanda ya taɓa yi masa aiki. Bai karanta Verilog ba, amma ya san in waya ta mutu a hannunsa shi zai biya. Mu kuwa ba mu taɓa biyan komai ba, shi ya sa ba mu koya ba.

Ga abubuwa biyar da nake ganin ya kamata su zama mana ɗabi'a, ko malami ya tambaya ko bai tambaya ba.

Na ɗaya, rubuta kafin ka taɓa. Wace sigar taswira ce a kai, wace famwaya, wace saba, da wace sigar Vivado ko Quartus aka haɗa, ran nawa ga wata, wa ya yi. Ka sa a fayil tare da aikin, ka kuma manna takarda a jikin kwalin allon. Wanda bai san inda ya taso ba, ba zai san ya ɓata ba.

Na biyu, tanadi hanyar dawowa, kuma ka gwada ta. Kada ka sabunta a kan katin da ke aiki. Ka ɗauki cikakken kwafinsa ka ajiye, ka yi sabon aiki a kan kati na biyu. In memorin jikin allo za ka rubuta, ka tabbatar kebul ɗin JTAG na hannunka kuma ka taɓa amfani da shi. Masu ƙera na'urorin da ake sabuntawa daga nesa suna ajiye tsohuwar taswira ingantacciya a wani sashe na memori da ba a taɓawa, ta yadda in sabuwa ta ƙi tashi allo zai koma kanta da kansa. Ɗalibin ajin ƙarshe da ya sa wannan a furojet ɗinsa, a wurina ya fi wanda ya ƙara fitilu goma.

Na uku, wuta. Rubuta memori mataki biyu ne, a goge tsoho sannan a rubuta sabo. In NEPA ta ɗauke a tsakanin nan, babu tsoho babu sabo. Turawan da suka rubuta littafin bayanin allon layi ɗaya suka ba wannan gargaɗi, domin su ba damuwarsu ba ce. Mu a nan shi ne babi na farko. Ka sa allo a kan batir ko inbata, laftof ya cika da caji, kuma kada ka fara a lokacin da ka san ana shirin juyawa daga janareto zuwa NEPA.

Na huɗu, tantance fayil da kati. Da irin netwok ɗinmu fayil kan sauka rabi ya nuna kamar ya gama. Yawancin kamfanoni suna ba da wata doguwar lambar tantancewa, irin SHA-256, tare da fayil. Minti ɗaya ne ka lissafa taka ka gwada da tasu. Katin memori na jabu kuma ya cika kasuwa, an rubuta giga 32 a jiki, cikinsa bai kai ba. Ka cika shi da kaya ka sake karantawa kafin ka ba shi amana.

Na biyar, fara da ɗaya, sannan ka ƙirga duka. Ranar 19 ga Yuli 2024 kamfanin CrowdStrike ya tura gyara ga kowa a lokaci guda, kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu Windows suka faɗi, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Darasin farko ke nan: gwada a kan allo ɗaya ka bar shi ya wuni. Darasi na biyu shi ne na JAMB da Knight Capital: in ka yi wa saura, bi su ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kowanne sigarsa. A FPGA akwai dabara mai sauƙi. Ka ware adireshi ɗaya a taswira wanda ba ya canzawa, ka ajiye lambar siga a ciki. Saba in ta tashi, ta fara karanta wannan lambar. In ba ta dace da tata ba, ta ƙi aiki, ta faɗi dalili. Layi kaɗan ne na rubutu. Gara na'ura ta ce maka "ba zan yi ba" da ta yi maka ƙarya cikin ladabi.

To me za mu yi a aikace, ban da surutu a Facebook?

Da farko, wakilan aji da shugabannin ƙungiyoyin sashe su kai wa malamai shawara cikin girmamawa: a ware wani kaso na makin furojet don miƙa aiki. Gwajin mai sauƙi ne. A ɗauki ɗalibin aji uku wanda bai san aikin ba, a ba shi na'urar da takardar bayani kawai, mai furojet ya zauna a gefe ya yi shiru. In ya iya loda ta daga farko, ya canza abu ɗaya, ya kuma mayar da ita yadda take, a ba da makin. Wannan kaɗai zai rage cinikin furojet, domin wanda ya sayo nasa a kasuwa ba zai iya rubuta wannan takardar ba. Kuma ɗan aji ukun ya samu inda zai ɗora nasa baɗi.

Na biyu, kada mu jira kabad. Ƙungiyoyinmu na ɗaliban Arewa da na jihohi suna tara kuɗi don walimar yaye ɗalibai, da riguna, da kalanda mai hotunan shugabanni. Ban ce a daina ba. Amma akwai ƙananan alluna irin Tang Nano da ba su kai dala 30 ba. Akwai katin Colorlight 5A-75B, wanda ake sa wa a bayan allunan talla masu haske, cikinsa FPGA ne na kamfanin Lattice, kuma masu koyo a duniya sun daɗe suna mayar da shi allon gwaji da manhajojin kyauta irin Yosys da nextpnr, waɗanda ba su da nauyin Vivado. A sayi uku ko huɗu da sunan ƙungiya, da sharaɗi ɗaya: an saye su ne don a rikita su a gyara. A samu aji ɗaya a wata Islamiyya a Agege ranar Lahadi bayan an tashi yara, a gayyaci ƙannenmu masu jiran admishan da yaran shagunan gyaran waya. Su za su koya mana hannu, mu mu koya masu dalili. 'Yan uwa mata da ke injiniya, kada a mayar da ku masu rubuta rahoto maza na riƙe da kebul. Ku karɓi kebul ɗin.

Na uku, duk wanda ya iya wani mataki ya rubuta shi da Hausa, ko ya yi ɗan bidiyo, ya ajiye inda na baya za su samu. Wanda zai tafi SIWES kuma, in ya samu kamfanin sadarwa ko na gyaran kayan asibiti, kada ya tsaya ɗaukar jaka da sayo abinci. Ya roƙa a bar shi ya tsaya a bayan injiniya ranar da za a sabunta na'ura, ya ga abin da ake yi kafin a fara da abin da ake dubawa bayan an gama.

Mu mutane ne masu son ƙaddamar da sabo. A yanka kintinkiri, a yi jawabi, a watse. Gyara da kulawa kuwa ba a ɗaukar hotonsu, shi ya sa ba mai so. Amma cikinmu ne za a samu waɗanda gobe za a damƙa wa sabar jarrabawa, ko ta albashi, ko na'urar da ke ɗakin tiyata. Ranar nan ba wanda zai tambayi makinka. Abin da za a buƙata shi ne mutumin da zai tsaya ƙarfe biyun dare, kowa ya gaji yana son tafiya gida, ya ce a dakata, saura ɗaya ba mu duba ba. Wannan amana ce, kuma a kan ɗan ƙaramin allon furojet ake fara koyonta.

'Yan ajin ƙarshe, ku tambayi kanku yau: in na ba ƙanena na aji uku na'urata da takarduna, zai iya ba tare da ya kira ni ba? In amsar a'a ce, da sauran lokaci kafin difens. Waɗanda suka riga mu fita aiki kuma, ku faɗa mana abin da na bari.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu fita lafiya da sakamako mai kyau, ya kuma sa mu zama masu riƙon amana. Amin.